Boris ɗin tayar baya a Jidda: wakala, shagon tijari ko tashlih?

Mai tsohuwar Camry ko Corolla a Jidda, da mai Hilux da ke jigilar kaya zuwa Makka, duk sun san wannan gurnanin. Wani kuka ne daga bayan mota, yana tasowa wajen gudun kilomita 50 zuwa 60, yana ƙaruwa da gudu, ko ka taka mai ko ka ɗaga ƙafa bai dame shi ba. Mafi yawan lokaci boris ne, wato ƙarfen nan mai ƙwallaye a ciki da taya ke juyawa a kansa. A shago rumman bili ake ce masa, in kuma irin wanda ya zo haɗe da mazaunin taya ne, filanja za ka nema. Wuri uku ake sayensa: wakala (dillalin kamfanin motar), shagunan kayan gyara na sana'iyya (unguwar masu gyaran mota), da tashlih (inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu). Kowanne da nasa hali.

Amma kafin ka zaro riyal ko ɗaya, tabbatar boris ɗin ne. Tayar da ta ci gefe ko ta yi tudu da kwari ita ma haka take kuka. A sauya tayoyin baya zuwa gaba. In kukan ya bi su, taya ce, ka huta. In bai bi su ba, a ɗaga motar da jak, a kama tayar sama da ƙasa a jijjiga, sannan a juya ta da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan sifirin. Boris da ya mutu za ka ji shi gar-gar a tafin hannunka kamar ana niƙa tsakuwa. A kan titi kuma, in ka karkata hagu kukan ya ƙaru, nauyi ya koma dama ke nan, galibi na dama ne ya gaji.

Wakala ba ta da abin faɗa da yawa. Ka miƙa istimara, wato takardar rajistar mota, su buga lambar shasi mai harafi da lamba 17, su kawo maka wanda zai zauna daram. Tsada ce kawai matsalarta, ga harajin kashi 15 cikin ɗari a kai. Motar da take cikin garanti, can za ta. Wadda ta haura shekara goma kuwa, amfanin wakala gare ka shi ne lambar kayan. Karɓe ta ka rubuta, domin da ita za ka shiga kasuwa da ido buɗe.

A ganina shagunan sana'iyya ne suka fi dacewa da mai neman sauƙi, kuma a nan ne aka fi tafka kuskure. Mai shago zai tambaye ka: "Asali ko tijari?" Wannan tambayar ta yi gajarta, don tijari, wato wanda ba na kamfanin motar ba, ba iri ɗaya ba ne. Akwai na kamfanonin da su ne ma suke ƙera wa masu motocin tun daga masana'anta, irin su Koyo da NSK da NTN na Japan, da SKF na Suwidin, da FAG na Jamus. Sau da yawa in ka kwance na asalin da ya zo da motar, sunan ɗaya daga cikinsu za ka gani a jikinsa. Akwai kuma mara suna, kwali mai ƙyalli, farashi kamar kyauta. Na farkon shi ne arahar gaskiya. Na biyun, araha ba ta ado: ƙarfensa bai sha wuta yadda ya kamata ba, giris ɗin ciki ɗan kaɗan ne, robar da ke rufe shi ba ta jure zafin kwalta a watan Yuli, balle ruwan da ke kwanciya a titunan Jidda in an yi sama mai ƙarfi. Ruwa na shiga, tsatsa ta kama hanyar ƙwallayen, kuka ya dawo, ka sake biyan kuɗin aiki.

Suna a kwali ma ba hujja ba ce, jabun Koyo da NSK sun cika duniya. Sa a buɗe maka. Rubutun da ke jikin ƙarfen ya zama tsaf, ba mai dishi-dishi ko karkatacce ba, lambar jiki ta yi daidai da ta kwali. Juya shi a hannu: sabon filanja mai kyau yana da ɗan nauyin juyawa, sumul, ba ya wulwulawa sakaka kamar tayar keke. In aka ce maka na Japan ne amma kuɗinsa bai wuce na mara suna ba, ajiye musu abinsu. Ka karɓi fatura, wato rasit, mai sunan kayan da lambarsa, ka tambayi kwana nawa ne damaninsa, wato garantinsa, a rubuta a jiki. Da faturar ce ake kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lambar 1900 in ta kai ga haka.

Sai batun dacewa, wanda ya fi farashi wahalar da mutane. "Camry 2010" ba amsa ba ce. Camry ɗin da wakala ta riƙa kawowa ƙasashen Gulf shekaru da dama a Ostireliya ake haɗa ta, har aka rufe masana'antar a 2017, ga kuma waɗanda aka shigo da su daga Amurka. Jiki ɗaya, amma lambar kaya kan bambanta. Ƙirga ƙusoshin taya: Camry da Elantra biyar ne a da'irar milimita 114.3, Corolla ƴar Amurka ta waɗancan shekarun biyar ne a milimita 100, Yaris da Accent huɗu a milimita 100. Biyar da biyar a ido ɗaya suke, amma rim ba zai shiga ba. Sannan ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi. A Camry da yawa na'urar da ke karanta gudun taya a cikin filanjan take, soket ɗinta na kallon gefe guda, shi ya sa na dama da na hagu ba sa musanya; a lambobin Toyota na dama kan fara da 42450, na hagu da 42460. Ka ɗaura wanda ba shi da ABS a motar da ke da shi, zai zauna lafiya, ka tada mota fitila ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. Mafi sauƙi, a kwance tsohon a je da shi, a jera su a kan kanta, a gwada ramukan ƙusa huɗu na baya, da tsayi, da bakin soket.

Tashlih wuri ne mai albarka ga mai neman ƙofa, fitila, madubi ko rim. Ga boris kam ban ba da shawara ba. Ba a ganin cikinsa, ba ka san kilomita nawa ya ci ba, kuma yawancin motocin can haɗari ne ya kai su. Bugu ɗaya a taya kan bar ɗan lotso a hanyar ƙwallayen, wanda ba a ji a hannu sai an hau titi. Inda yake da ma'ana shi ne motar da aka daina kawo kayanta, ko in ana son dukan ƙafar baya gaba ɗaya. Nan ma a nemi sharaɗin mayarwa.

Kuɗin aiki ya danganta da irin motar. Filanjan Camry ko Corolla aikin ƙasa da awa ɗaya ne: a cire taya, a cire birki da faifansa ko gangarsa, a zare soket, a kwance ƙusa huɗu, a kankare tsatsar mazaunin kafin a sa sabo. In aka bar tsatsa, zai zauna a karkace, birki ya riƙa rawa. Hilux da irinta masu aksil a baya wani labari ne. Sai an zaro sandar aksil, a matse boris ɗin da injin matsi, a sa sabon zoben da ke riƙe shi, da sabon sil. Kada ka yarda a mayar da tsohon zobe, kada kuma ka yarda da warshar, wato garejin gyara, da za ta buga shi da guduma; sabon boris ya mutu tun bai taka ƙasa ba. In ka ga man difaranshiyal ya jiƙa takalmin birki, a canza takalmin, a kuma duba ɗan bututun numfashin aksil, don in ya toshe zafi ne zai sake turo man ta sabon sil ɗin.

Ba dole ne a canza na gefe biyu tare ba, in ɗayan shiru yake kuma babu wasa. Ƙusoshin taya na Camry da Corolla a ɗaure su da sifanar awo a 103 Nm, a tsallake-tsallake, ba da bindigar iska ba. Bayan tafiyar kamar Jidda zuwa Makka, a sake bin su da sifanar, a kai bayan hannu kusa da tsakiyar rim ɗin baya biyu a kwatanta zafinsu. In sabon ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, ko birki ne ke kamawa ko an ɗaura shi a karkace, a koma warsha ranar da fatura a hannu.