Kanari da mai farin kai na kurmi: abincinsu ba ɗaya ba ne

Malam, ka tambaya ko tsuntsun nan mai farin kai da jan ciki da ka ji kukansa a kurmin Kagoro zai zauna a keji kamar kanari, a riƙa zuba masa gero. Ba zai zauna ba.

Fara da duban baki. Tsawon jikin kanari kusan santimita 12 ne, bakinsa gajere ne mai kauri, na ɓare tsaba. Mai farin kai, wanda masana ke kira Cossypha niveicapilla, ya kai santimita 20, bakinsa siriri ne, na tsintar ƙwari.

Kanari ɗan fili ne: bakin gona, saura, dajin da itatuwansa ke nesa da juna. Yana cin tsabar ciyawa, gero da acca, ya ɗan taɓa ƙwari idan yana kiwon 'ya'ya. Shi ya sa keji bai cika ba shi wahala ba. Sai dai yana barin ƙaiƙayi a kwano, ka ga kamar abinci na nan alhali babu, don haka a hure kwanon kullum.

Shi kuwa mai farin kai duhuwa yake so, bakin rafi inda rana ba ta isa ƙasa sosai. A ƙasa yake kiwo. Zai diro, ya watsa busasshen ganye da baki, ya cafke gara, tururuwa, tsutsa ko gizo-gizo, ya koma cikin sarƙaƙiya. Yakan haɗa da ƙananan 'ya'yan itace. Gero ba cimarsa ba ce, cikinsa bai dace da hatsi ba. Ka cika masa kwano, sai ya rame ya mutu da yunwa, bayan ya goge gashin goshinsa a jikin waya don neman maɓoya.

Wajen kuka ma ya fi kanari dabara, a ganinmu: da asuba da almuru yana kwaikwayon wasu tsuntsaye, har da fiton mutum.

In gidanka a Kaduna na da itatuwa masu duhu, yana iya zuwa da kansa, musamman da damina. Kada a share ganyen da ya zube a gindinsu, kada a ƙona, kada a fesa maganin ƙwari. Ajiye kasko a inuwa da ruwa mai zurfin santimita 3, a canza shi kullum saboda sauro, kuma a nisanta shi da inda kyanwa za ta laɓe.