Me za ka fara saya idan Arduino da ESP32 sun ƙi magana da juna?

Gidaje da yawa a Jidda da Makka suna da tankin ruwa biyu, ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya a kan rufi, famfo na tura ruwa daga wannan zuwa wancan. Shi ya sa za ka ga matasanmu masu koyon harkar lantarki suna haɗa allo biyu, wato ƙananan kwamfutocin da ake loda wa shiri: Arduino Uno a sama yana auna ruwa, ESP32 a ƙasa yana kunna famfo yana aika saƙo zuwa waya. An haɗa, an kunna, sai shiru. Ko kuma allon kwamfuta ya cika da haruffan da ba na kowane yare ba. Daga nan sai mutum ya buɗe Amazon ko Noon yana neman na'urar da za ta gaya masa inda matsalar take.

Kafin ka taɓa riyal ɗinka, duba abubuwan da ba sa cin ko halala. TX (ƙafar aika saƙo) na wannan allo yana zuwa RX (ƙafar karɓar saƙo) na wancan ne, ba TX da TX ba. Wayar GND, wato ta volt sifili, dole ta haɗa allunan biyu. Gudun sadarwa ya zama ɗaya, in 9600 ne a nan, 9600 ne a can. Sannan ƙafafu 0 da 1 na Uno su ne hanyar da kebul ɗin USB ke bi, don haka in ka jona ESP32 a kansu kana kuma loda shiri daga kwamfuta, rikici za ka samu.

Mita ta auna lantarki ita ce sayayya ta farko, kuma mai araha ma ta isa. Layin TX idan ba ya aika komai yana zama a sama, volt 5 a Uno, 3.3 a ESP32. In ka auna ka ga sifili, to ko wayar ta tsinke ko ba ƙafar da kake zato ba ce. Iyakar abin da mita za ta gaya maka ke nan, ba ta karanta saƙo.

Wannan bambancin volt ɗin ba abin wasa ba ne. Ƙafafun ESP32 ba a yi su don volt 5 ba. Rezista biyu, 1k da 2k (ohm dubu ɗaya da dubu biyu), a kan layin da ke fitowa daga Uno sun isa su rage shi zuwa kusan 3.3. Ƙananan allunan sauya volt masu BSS138 ma suna yi, amma a sadarwa irin wannan rezista biyun ba su gaza ba.

Sai adaftar USB zuwa siriyal (sunan wannan sadarwar ta TX da RX), wadda ke ba ka damar sauraron layin kai tsaye daga kwamfuta. A nan ne mai saye ke ruɗewa, domin sunaye huɗu ne ke yawo. CH340 na kamfanin WCH na ƙasar Sin shi ne mafi araha, kuma yana aiki, sai dai wani lokaci sai ka saka masa direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi) da kanka. CP2102 na Silicon Labs shi nake ba mutane shawara, ba shi da yawan rigima. FT232RL na FTDI yana da kyau in na asali ne, amma jabunsa sun cika kasuwa, har a 2014 kamfanin ya fitar da direban da ya sa jabun suka daina aiki a Windows. Tsohon PL2303 kuwa ka bar shi a kanti, sababbin Windows ba sa karɓarsa cikin sauƙi. Kowanne ka zaɓa, ka tabbatar yana da wurin zaɓen volt 5 ko 3.3. Kuma ka kiyayi kebul mai faffaɗan kai na ƙafafu tara, wato RS-232. Mai kanti zai iya miƙo maka shi in ka ce "siriyal" kawai, alhali volt ɗinsa yana iya kaiwa 15 sama da sifili ko ƙasa da shi, ya ƙona maka allo.

In kuɗinka na abu ɗaya ne bayan mita da adafta, sayi lojik analaiza ƙarama, irin mai layi 8 da gudun 24 MHz. Girmanta bai wuce akwatin ashana ba, tana aiki da manhajar PulseView ta kyauta. Ka maƙala ta a TX, RX da GND, sai ka ga saƙon ɓangarorin biyu a lokaci guda, an fassara maka shi harafi harafi. Har gudun za ka iya aunawa da idonka: a 9600 kowane ɗigo na saƙo yana ɗaukar kusan mikrosakan 104, a 115200 kuwa kusan 8.7. Nan take za ka san wane allo ne ya kauce. Uno mai agogon 16 MHz, alal misali, yana da kuskuren kusan kashi 2 cikin ɗari a gudun 115200, amma a 9600 kuskuren bai wuce kashi 0.2 ba. Sau da yawa rage gudu kawai ke kashe maganar. Analaizar kamfanin Saleae na asali sun fi inganci nesa ba kusa ba, amma farashinsu na mai cin abinci da sana'ar ne.

Osiloskof, irin su Rigol DS1054Z, yana nuna abin da analaiza ba ta gani, wato surar siginar kanta da hayaniyar da ke hawa kanta. Ɗalibi da ke da ɗakin gwaji a jami'a ya yi amfani da na can tukuna.

Akwai kuma matsalar da babu na'urar aunawa da za ta gyara: nisa. Komai na tafiya daidai a kan tebur, da ka kai allo ɗaya rufi, waya ta bi ta gefen injin sanyaya ɗaki da famfo, sai saƙo ya fara lalacewa. Maganinta ƙananan allunan RS-485 (tsarin sadarwa na nesa) guda biyu, waɗanda kan kai har mita 1200 a ƙaramin gudu. Saka MAX485 a ɓangaren Uno, MAX3485 mai volt 3.3 a ɓangaren ESP32, ka ja murɗaɗɗun wayoyi biyu daga cikin kebul ɗin intanet, da rezista mai ohm 120 a kowane ƙarshe. Allon rufin kuma ka sa shi cikin akwati a inuwa, don ranar Yuli a Makka tana gasa roba har ta tsage.