Jita mai nailan ko mai ƙarfe ga ajin taro

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambayi wace jita za ka saya wa ajin koyar da jita da kake shirin buɗewa, mai nailan ko mai ƙarfe. Tunda ajin taro ne na sababbin hannu, ka sayi jita mai tsirkiyar nailan, ka bar mai ta ƙarfe. Kada ma ka raba kuɗinka biyu ka ce za ka gauraya su.

Jitocina Yamaha C40 ne, masu nailan, da su nake koyarwa a wani shago wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, ranar Asabar daga bayan La'asar zuwa gab da Magariba. Akwai wani tela, magidanci, da ya zo mana da tasa jitar mai ƙarfe. Ba a jima da farawa ba sai ka ga ya saki wuyan jita yana hura yatsu, tsirkiya ta zana masa layi a kan kowane yatsa, sun yi ja wur. Ya ja ni gefe a hankali ya ce shi kam zai haƙura, don gobe da allura zai wuni, kuma yatsun nan su ne abincin iyalinsa. Na miƙa masa ɗaya daga cikin nawa. Har aka tashi bai ajiye ta ba, yana ta juya Em da Am, wato haɗin sautuka biyu masu sauƙin kamawa, yana murmushi shi kaɗai. Yau shi ke riga kowa zuwa ya taya ni saita jitoci, kuma wallahi ina jin daɗin ganinsa.

Ba laifin yatsunsa ba ne. Tsirkiya shida na nailan gaba ɗaya suna jan wuyan jita da nauyin kusan kilo 40, na ƙarfe kuwa sukan haura kilo 70, ga su sirara suna yanka. In mutum ɗaya kake koya wa, za ka lura da zafin ka ba shi hutu. A cikin taro ba haka ba ne. Wanda yatsunsa ke ciwo kunya yake ji ya faɗa a gaban mutane, sai ya yi shiru, sati mai zuwa ka neme shi ka rasa. Haka aji ke zagwanyewa, malami yana zaton koyarwarsa ce ba ta gamsar ba.

Sannan ga ƙara. Ka tara mutum takwas a ɗaki mai rufin kwano, kowa na bugun ƙarfe, muryarka za ta dishe kafin ka gama bayanin farko. Nailan sautinsa a kwance yake, daga inda kake tsaye za ka ji wanda ya kuskure. Wuyan C40 kuma faɗinsa milimita 52 ne a sama, na irin F310 mai ƙarfe 43. Wannan 'yar tazarar ita ke hana yatsa danne tsirkiyar da ke kusa, kai ma kana hango inda kowa ya ɗora hannunsa. Ka zaunar da su rabin da'ira a kujeru marasa hannu, kada ka wuce takwas in kai kaɗai ne. In da yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu, wuyan zai yi musu faɗi, ka nema musu CS40, ƙaramarta ce.

Abu ɗaya da zai gwada haƙurinka: sabon nailan yana miƙewa, sai ya yi sati ko fiye yana saki. Ka ɗaura tsirkiyoyin tun kafin a buɗe ajin, ka riƙa saitawa safe da yamma, kuma ranar darasi ka gama saita duka kafin ɗalibai su iso. In ba haka ba, rabin lokacinka a murɗa kunnuwan jita zai tafi.

Mai ƙarfe kuma, to, tana da ƙara, ta dace da dandali. Ina da wasu marasa suna da na saya don arha, suna nan rataye a ƙusa. Ɗalibin da yatsunsa suka yi kanta ya sayi tasa daga baya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, musamman masu turo hoto ta WhatsApp da Facebook su ce ka tura kuɗi a saka maka a mota daga Kano ko Legas. Tambarin babban kamfani ba wuyar liƙawa gare shi ba. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar nailan don ta yi ƙara a kunnen mai saye. Ba a gina ta don wannan nauyin ba, wuyan zai lanƙwashe, katakon da tsirkiya ke ɗaure a jikinsa ya ɗago. Kafin ka biya, ka gwada cusa gefen takarda a ƙarƙashin katakon nan. In ta shige, ajiye musu kayansu. Ka ɗaga jitar ka leƙa wuyan daga sama ka ga ko a miƙe yake. A gaɓa ta 12 cikin gaɓoɓin da ƙananan ƙarafa suka raba a wuyan jita, tazarar tsirkiya da ƙarfen gaɓar kada ta wuce milimita 4. Ka kuma shafa bayanta da gefenta a cikin haske, don akwai masu cike tsagar hunturu su goge da mai.

Hunturun Katsina ba ya raga wa katako. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kowace jita ta kwana a jakarta, da ɗan soso mai danshi a cikin gidan sabulu mai huji, kuma kada ka bar su a but ɗin mota a zafin Afrilu. Ka haɗa da tsirkiyoyin ajiya tun ranar saye, ka ƙara yawan ta huɗu, wato D, don ita ce ke fara tsinkewa.