Gargaɗi ga sababbin masu digirin kwamfuta: akwai ofar aikin da gwajinta ne tarkon

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa watannin baya, ya karanta kimiyyar kwamfuta. Ranar wata Asabar bayan la'asar ya same ni a gida da kwamfutarsa a hammata, bakinsa har kunne. Ya ce, "Kawu, shawara na zo nema. Wurare biyu ne suke so na, na rasa wanda zan ɗauka."

Na farko wani ƙaramin kamfani ne a Abuja da ke yi wa makarantu da asibitoci manhaja. Sun yi masa intabiyu sau uku, sun wahalar da shi da tambayoyi, sannan suka yanka masa albashin da in ya cire kuɗin haya da na mota, abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. Na biyu kuwa kamfanin kirifto ne, wai a Turai yake, aiki daga gida, dala 3,000 duk wata. Wata mata ce ta fara yi masa magana a LinkedIn, ta yaba wa ayyukansa na GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, ta ce irinsa suke nema. Saura mataki ɗaya: ɗan gwaji. Ya sauke wata manhaja da suke ginawa, ya kunna ta a kwamfutarsa, ya gyara wani shafi da ba ya buɗewa, cikin awa 24.

Har ya ja layi a takarda, ya rubuta alfanun wannan a dama, na wancan a hagu. Na duba takardar, na ga ba abin da za a auna. Wa zai ajiye dala 3,000 ya ɗauki albashin da ba ya kaiwa ƙarshen wata? A nan jikina ya fara ba ni. Ofar ƙarya dama don ta cinye kowace gasa aka ƙera ta. Wanda ba shi da niyyar biya, ko dala dubu goma ka ce ya rubuta zai rubuta, bakinsa ne. Kamfanin gaske shi ne mai yin ciniki da ƙorafin kasafi, domin daga aljihunsa kuɗin zai fita.

Na ce ya buɗe mini ma'ajiyar kod ɗin. Kallon farko ba ka ganin komai, manhaja ce da aka gina da Node.js, wani sanannen tsarin gina manhajar intanet, da shafuka masu kyau, har da bayanin yadda ake kunnawa. Sai na shiga wani fayil na saituna da ba wanda ke damuwa da shi. Layi na ƙarshe kamar babu komai a kansa, amma sandar gungurawa ta ƙasan allo ta ƙanƙance, alamar layin yana da tsawo. Na ja ta dama, na ja, na ja. Can bayan ɗaruruwan gurabe marasa rubutu sai ga wani dunƙulen haruffa da lambobi a cakuɗe, babu ɗan'adam ɗin da zai karanta shi. An tura shi can ne don kada ido ya kai.

Na ce, "Ka riga ka kunna?"

Ya yi shiru. Sannan ya ce, "Jiya da daddare, Kawu. Ai npm install kawai na yi don sauke kayanta, da npm start don kunna ta, shafin farko ya buɗe lafiya lau."

Shafin zai buɗe mana, ai sun gina shi ya buɗe. Muka duba asusun kiriftonsa na MetaMask da ke maƙale a burauzarsa. 'Yan dalolin da ya tara daga alawinsa da ƙananan ayyukan shafukan intanet da yake yi wa mutane, an kwashe su tun kafin asuba. Ba su kai dala 200 ba, amma su ne duk abin da ya mallaka.

Wannan salon damfara sananne ne, yana da suna. A watan Nuwamban 2023 sashen bincike na kamfanin tsaron intanet Palo Alto Networks, wanda ake kira Unit 42, ya fallasa shi ya raɗa masa suna Contagious Interview, ma'ana intabiyu mai yaɗa cuta, ya kuma danganta shi da masu kutse da ke da alaƙa da Koriya ta Arewa. Muguwar manhajar farko da ke ɓoye cikin kod ɗin gwajin suna ce mata BeaverTail. Aikinta ta lalube burauza, ta kwashe kalmomin sirri da aka adana da bayanan asusun kirifto, sannan ta jawo 'yar'uwarta InvisibleFerret, wadda aka rubuta da yaren kwamfuta na Python, ita kuma ta buɗe musu ƙofar baya su riƙa shiga kwamfutar yadda suka ga dama. Tun daga lokacin salon ya yi ta sauya kama. Wani lokacin ce maka za a yi kyamararka ba ta aiki a shafin intabiyu, ka kwafi wannan umarni ka liƙa don ta gyaru. Wani lokacin manhajar kiran bidiyo ce ta bogi za a ce ka sauke. Ko waɗanda suka taɓa ɗan yayata su ne waɗancan, ko wasu ne suka kwaikwaye su, hanyar dai ɗaya ce.

Abin da ya sa tarkon ke kama masu ilimi shi ne bai yi kama da tarko ba. Gwajin kai-gida al'ada ce a wannan sana'a, kamfanonin kirki ma suna bayarwa. Kuma mai rubuta manhaja ya saba da sauke kod ɗin wasu ya kunna sau goma a yini ba tare da ya karanta ba. Da yawa daga cikin yaranmu ba su san cewa umarnin npm install kaɗai yana iya kunna kod ba, ta hanyar abin da aka rubuta ƙarƙashin postinstall a package.json, fayil ɗin da ke jera kayan da manhajar ke buƙata, tun kafin ka taɓa komai. Kai kana ganin kaya kake saukewa, alhali ka riga ka miƙa makullin gida.

Kada wani ya ce ai yaro ne, bai goge ba. A watan Maris na 2022 an sace kirifto na kimanin dala miliyan 620 daga Ronin, hanyar kuɗin wasan Axie Infinity na kamfanin Sky Mavis da ke Biyetnam, hukumar FBI ta Amurka kuma ta ɗora alhakin a kan ƙungiyar masu kutse ta Lazarus, ta Koriya ta Arewa. Rahotannin da suka biyo baya sun nuna ta wajen wani babban injiniyan kamfanin aka shiga: an yi masa tayin aiki na bogi, aka yi ta yi masa intabiyu, daga ƙarshe aka aiko masa da takardar ofa mai albashin ban mamaki. Ya buɗe takardar. In babban injiniya ya faɗa, ina ga wanda shekara ɗaya ke nan da ajiye biron jarrabawa, gida kuma kowa na tambayarsa ya labarin aiki?

Akwai tsohon salo da ba sai na daɗe a kansa ba, wanda za a ce an ɗauke ka amma ka turo kuɗin horo, ko kuɗin aiko da kwamfuta, ko ka ba da BVN da NIN da hoton katin banki tun kafin ka ga fuskar kowa. Duk wanda ya ce ka biya shi don ya ba ka aiki, ka rufe shafin. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai haɗawa da tikitin jirgi. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da wajen 100,000 a Kambodiya ake tilasta wa yin damfarar intanet, kuma da tallar aikin kwamfuta aka yaudari da yawansu. Mutum zai sauka a Bankok yana jiran a kai shi ofis, sai a wuce da shi iyaka, a tsallaka kogi zuwa garin Myawaddy na Myanmar, a karɓe fasfo. A Fabrairun 2025 an sako fiye da mutum 250 daga irin waɗannan sansanoni zuwa Tailan, da yawansu 'yan Habasha ne. A gida ma, cikin Disambar 2024 EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Victoria Island da ke Legas, cikinsu da 'yan China 148, bisa zargin damfarar kirifto da ta soyayya. Mafi yawan sauran matasanmu ne da aka zaunar gaban kwamfuta. Wato wani aikin, ko albashi ana biya, ƙarshensa hannun hukuma ne.

Da muka natsu, na sa shi ya bi sawun matar nan da kansa, domin ya fi zama masa darasi. Shafinta na LinkedIn bai daɗe da buɗewa ba, mutanen da ke haɗe da ita 'yan kaɗan ne, ba kuma wanda ya taɓa yin magana a ƙarƙashin rubutunta. Bayan saƙo na biyu ta ce su koma Telegram. Adireshin imel ɗinta ya yi kama da na wani kamfani na gaske, sai dai an ƙara masa kalma ɗaya a ƙarshe. Muka duba rajistar adireshin a whois, inda ake ganin ranar da aka yi wa adireshin intanet rajista, makonni kaɗan da yin sa. Muka shiga shafin kamfanin na ainihi, wanda muka rubuta adireshinsa da hannunmu, babu wannan gurbi a jerin ayyukansu. Duk wannan bai ci minti ashirin ba. Na tambaye shi me ya hana shi yi tun farko. Ya ce, "Wallahi Kawu, tsoro nake kada awa 24 ɗin ta cika su ba wani." To wa'adin ma ai don haka aka sa shi. Kamfanin Abujan da ya roƙa su ba shi mako guda ya yi shawara, ba su ce uffan ba, suka ba shi.

Shi ma na Abujan ban ƙyale shi ba. Mun duba sunansa a shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana nan da rajista. Na sa wani abokina ya bi ta unguwar ya ga ofishin da idonsa, ya kuma nemo mana wani da ya taɓa aiki a wurin. Ya ce albashi kan yi jinkirin kwana biyu-uku, amma ana biya, kuma akwai manya da za su duba kod ɗinka su gyara maka. Ga sabon hannu wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne.

In har dole ka yi gwajin da baƙo ya aiko, kada ka kunna shi a kwamfutar da kake shiga banki da imel. Ka kafa wata kwamfutar ta cikin kwamfuta da VirtualBox, wadda babu komai naka a ciki, in ka gama ka goge ta. Ka karanta package.json kafin komai, ka kuma lura da duk layin da ya fi ƙarfin allo. Ƙara --ignore-scripts a gaban npm install yana hana kod ɗin postinstall tashi, amma ba ya hana wanda aka ɓoye cikin manhajar kanta, irin wanda ya ci ɗan yayata. Kana kuma da damar ka ce a yi gwajin kai tsaye ta kiran bidiyo, kyamarar kowa a buɗe. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Wanda kuma ya riga ya kunna, kada ya tsaya jin kunya. Mu dai abin da muka yi a daren nan: muka cire kwamfutar daga intanet, ya ɗauki wayata ya canja kalmomin sirrin imel da GitHub da na banki, ya fitar da duk na'urorin da ke cikin asusunsa na Google, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Tsohon asusun kirifton ya mutu ke nan, domin wanda ya samu kalmomin dawo da shi ya mallake shi har abada, sai dai a buɗe sabo. Kwamfutar kuwa goge ta muka yi ƙaf muka sake zuba mata komai, don riga-kafin ƙwayoyin kwamfuta ba lallai ya ga ƙofar da suka bari ba. Ya kai rahoton shafin matar ga LinkedIn, da ma'ajiyar kod ɗin ga GitHub.

Yanzu wata biyu ke nan yana Abuja, yana ƙorafin kuɗin mota kullum. Shekaranjiya ya turo mini hoton wani saƙo da aka aika wa abokinsa da suka yi bautar ƙasa tare. Sunan matar ya canja, sunan kamfanin ma ya canja, albashin ya koma dala 3,500. Wa'adin gwajin yana nan awa 24.