Aikin duba kopi da ake ba 'yan mastar a sashen nazarin harsuna, ya biya ko bai biya ba?

Jama'a masu tambayata kan aikin duba takardun jarrabawa da malamai ke ba 'yan mastar da 'yan dokta idan an gama sesiyo, wato zangon jarrabawa, a gaskiya ni dai na ce ku karɓa, amma kar wanda ya sa ran kuɗin haya daga ciki. Na yi shi a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na arewacin Kamaru, ba sai na faɗi wacce ba, ai uku ne kawai, Ngaundere tun 1993, Marwa 2008, sai Garwa 2022, kuma duk tsarin LMD (lisans, mastar, dokta) ake bi, maki kan 20, wanda ya samu 10 ya haye, wanda ya gaza sai ratarafaj, wato sake jarrabawa.

Za a miƙo maka ɗaurin kopi, wato takardun amsa, na 'yan lisans (digirin farko) shekarar farko, an rufe sunaye, da barem ɗin malam, wato tsarin rabon maki, jan bik kuma daga aljihunka. In fonetik ne, wato nazarin furucin sauti, to ka huta, sauti ko dai an rubuta shi daidai da alamar API (abajadan furuci na duniya) ko ba a rubuta ba, wanda ya sa b a wurin ɓ maki ya tafi, babu gardama.

Matsalar tana wurin da malam ya ce kowa ya kawo misali daga harshen uwarsa. Wallahi nan ne za ka san ƙasar nan ta fi harsuna 200. Mai Fulatanci ya kawo gorko da worɓe, debbo da rewɓe don ya nuna yadda baƙin farko ke sauyawa a jam'i, wannan kowa na ji tunda da shi muke ciniki a kasuwa, amma kopi na gaba Mafa ne, na bayansa Tupuri, wani Giziga wani Masa, an jera alamomin karin sauti a kan wasula kai kuma ko gaisuwa ba ka iya ba a harshen, to da me za ka ce yaro ya yi kuskure? Wasu ma na zargin ƙirƙira suke yi tunda sun san ba mai ganewa. Wasu su bi abajadan AGLC na 1979, wato na bai-ɗaya na harsunan Kamaru, wasu su rubuta da ƙa'idar Faransanci, ou a wurin u, barem kuwa bai ce komai a kai ba. Dole ka ware irin waɗannan ka nemi abokin karatu ɗan yaren ya duba maka, shi ma ba kyauta ba, ko shayi ka saya masa.

Duk da haka wannan wahalar ita ce ribar, abin da na koya kan ginin kalma a kopin yara ya fi na wasu darussan da na zauna.

Kuɗi kam kaɗan ne kuma sai an manta da su suke zuwa, ga rekat, wato takardar koke ta masu ƙorafin maki, in an kira ka dole ka bar memuwarka, wato kundin bincikenka, ka hau moto ka je ka yi bayani. Don haka kafin ka ɗauki ɗaurin, cikin ladabi ka ce Malam don Allah nawa ne kan kowace kopi, yaushe ake so a mayar, kuma a rubuta maka yadda za a yi da misalan harshen da ba ka ji. Wanda sutanas ɗinsa, wato ranar kare kundinsa, ya matso kuwa ya haƙura sai baɗi.