Kafin Ka Sa Wa Ƙaramar Motarka Ƙararrawar Ɓarayi Irin Ta Kamfani

Motar da ke kwana a ƙofar gida a Tudun Wada ko Rigasa a Kaduna, ko take wuni a bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ba sai an ɗauke ta ɗungurungum mai ita zai ji a jikinsa ba. Batir, madubin gefe, rediyo da ƙwaƙwalwar inji duk kuɗi ne, kuma cire su ba ya ɗaukar lokaci. Don haka mai 206 ko Golf ko Corolla da ke neman ƙararrawa yana da hujja. Inda ake yin asara shi ne wajen zaɓe, domin kayan iri-iri ne, kuma mai shago abin da ke kan kantarsa zai yaba maka.

Fara da sanin abin da motar ta zo da shi. Ƙararrawa ihu take yi, imobilaiza kuwa hana inji tashi yake yi idan bai gane ɗan ƙwayar lantarkin da ke cikin kan makulli ba. Tun 1998 aka wajabta imobilaiza a sababbin motoci a Jamus da Ingila, saboda haka yawancin ƴan Beljiyam da aka ƙera bayan nan suna da shi. A Amurka ba dole ba ne; motocin Kia da Hyundai da dama da aka sayar a can tsakanin 2011 da 2021 ba su da shi. Game da ƙararrawa, ga gwaji mai sauƙi: sauke gilashi, kulle motar da rimot daga waje, jira kamar minti ɗaya, sannan ka zura hannu ka ja sakatar bonet ko ka buɗe ƙofa ta ciki. In ta yi ƙara, kana da ita.

Zaɓi na farko shi ne kayan kamfanin motar na asali, waɗanda aka ciro daga wata irinta. Ana nemansu a Panteka ko Oriakpata wajen masu kayan Beljiyam: jiniya mai ƙaramin batir a cikinta, maɓallin da ke gane an ɗaga bonet, na'urar da ke jin motsi a cikin mota, wani lokaci da wadda ke gane an ɗaga motar da jak. Idan aikin ya yi, babu kamarsa. Makullinka ɗaya, babu ƙarin rimot a aljihu, babu wayar da aka yanka, kuma ba ya shan batir fiye da yadda masu ƙera motar suka tsara. Jiniyar ma ko ɓarawo ya cire kan batir za ta ci gaba da ihu da nata.

Sai dai sharuɗɗansa suna da nauyi. Dole wayarin ɗin motarka ya zo da soket ɗin da za a cusa kayan. Wasu motocin suna da shi a naɗe yana jira, wasu babu ko alamarsa. Dole kuma a sa kwamfuta a sanar da ƙwaƙwalwar jikin motar cewa yanzu tana da ƙararrawa. A Peugeot akwatin da ake kira BSI ne ke riƙe da wannan aiki, a Volkswagen ana yin sa da manhajar VCDS, kuma ba kowane mai wayarin ke da kayan aikin ba. Sannan jiniyar da ta shekara 15 ko 20, batirin cikinta yakan mutu, ya yi yoyo ya cinye allon lantarkinta, ga zafin Maris da Afrilu na nan garin da ba ya raga wa batir. Kada ka biya sai an gwada ta a gabanka, kuma a duba lambar kayan ta dace da shekarar motarka. A ganina, in babu soket a motar, ka haƙura da wannan hanya. Farke rufi da dashbod don jan sababbin wayoyi zai ci kuɗin da bai dace da ƙaramar mota ba.

Na biyu shi ne wanda nake ba yawancin mutane shawara: ƙararrawar kasuwa wadda ke bin rimot ɗin motar na asali. Ka kulle ta kama tsaro, ka buɗe ta saki, kamar daga kamfani ta zo haka. A tsofaffin motoci tana ɗaukar saƙo daga wayar makullin ƙofofi da ta sigina. A sababbi tana sauraron wayoyi biyu da ƙwaƙwalen motar ke magana ta cikinsu, waɗanda ake kira CAN, don haka haɗin kaɗan ne. A nan ka nemi a nuna maka sunan motarka da shekararta a jerin waɗanda na'urar ta sani. Ka kuma tabbatar tana bambance buɗewa da rimot da buɗewa da ƙarfe a ramin makulli, domin masu arahar cikinsu da zarar sakata ta ɗaga, ko da sukundireba ce, sai su yi shiru. Idan rimot ɗinka ya ɓata za ka sayi wani, tuna cewa rimot ɗin motocin Turai galibi a zangon rediyo na megahaz 433 yake aiki, na Amurka 315.

Na uku shi ne wanda ya cika gari, mai rimot biyu a kwali, ana ɗaura shi cikin sa'a guda a bakin titi. Araha ba ta ado. Yana da amfani ga motar da ba ta da rimot tun asali, irin tsohuwar Golf 3 ko Starlet, domin har makullin ƙofofi yake kawowa. Amma na'urar jin girgizarsa, in ba a saita ta ba, tsawar damina ko tirela a kan hanyar Nnamdi Azikiwe ta isa ta tayar da unguwa, kuma ƙararrawar da ta saba ƙarya maƙwabta sun daina leƙo mata. Idan shi za ka saya, nemi wanda lambar rimot ɗinsa ke sauyawa a kowace dannawa. Mai lamba ɗaya tak ana iya kwafe shi.

Ko wanne ka ɗauka, hannun da ya ɗaura shi ya fi kwalin muhimmanci. Na damu ƙwarai da yadda ake feɗe waya da reza, a murɗa, a naɗe da salatif. Wata shida zafi ya sake gam ɗin, mota ta fara mutuwa a tsakiyar Ahmadu Bello Way, ko waya ta haɗu ta yi hayaƙi. Ka tsaya a kan aikin. A yi haɗi da dalma ko soket, a sa fiyus kusa da inda aka ɗauko wuta, a ɓoye akwatin nesa da ƙarƙashin sitiyari inda kowane ɓarawo ke fara lalube. Jiniya a kifa bakinta ƙasa, nesa da zafin inji da ruwan masu wankin mota. Kada a taɓa wayoyi masu launin rawaya, na jakar iska ne. Bayan an gama, a kashe komai a auna wutar da motar ke ja bayan ta huta: in ta haura miliamfa 50 sosai, za ka riƙa tarar da mataccen batir duk sanda ka ajiye ta kwana biyu. Mai na'urar jin motsin ciki kuma ya daina barin gilashi a ɗan buɗe don zafi, iska kaɗai tana tayar da ita.

Ƙararrawa ba ta dawo da motar da aka ƙwace a hannunka. Wannan aikin tiraka ne, mai layin waya a ciki, wanda ke nuna inda mota take kuma yana iya yanke famfon mai. Zaɓi wanda ba ya yankewa sai mota ta rage gudu, domin inji in ya mutu ana cikin gudu birki da sitiyari sukan yi tauri. Layin kuma sai an haɗa shi da NIN ana sa masa kuɗi, in ba haka ba a rufe shi ba ka sani ba. Inda babu sabis tiraka ba ya aiko da komai, kamar yadda aka gani a 2021 lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan. Mai yawan bin hanyar Abuja ko Birnin Gwari ya sa tiraka a gaba, ya haɗa da ɓoyayyen maɓallin mai. Wanda motarsa ke yawo cikin gari kawai, ƙararrawa mai bin makullin asali da sandar kulle sitiyari sun wadatar, muddin an sa maɓallin bonet, domin ta nan ake ɗauke batir.