Wace Ƙungiya Za Ta Tsaya Maka Wajen Neman Tallafin Gwamnati A Amurka?

A Amurka, galibin kuɗin da gwamnati ke ware wa fasaha ba a miƙa shi hannun mutum ɗaya. Ƙungiya mai rajistar 501(c)(3), wadda aka yafe wa haraji, ita ake ba. Mawaƙi ko mai shirya fim da ke zaune a Bronx ta birnin New York, in ba shi da irin wannan rajista, sai ya nemi ƙungiyar da za ta tsaya masa, ta karɓi kuɗin da sunanta, ta cire la'adarta, ta ba shi sauran.

Kafin ka tambayi kowa nawa yake cira, karanta sharuɗɗan hukumar da kake hari. Hukumar tarayya mai tallafa wa fasaha, NEA, ba ta karɓar takardar neman tallafin ayyuka ta hannun mai tsayawa. Ita kuwa NYSCA, hukumar fasaha ta jihar New York, tallafinta na dala 10,000 ga mai fasaha sai ta hannun ƙungiyar da ke cikin jihar. Mutum zai iya biyan kuɗin zama mamba a ƙungiyar da za ta tsaya masa wata da watanni, ranar cike takarda ya tarar ƙungiyar tasa ba ta cancanta ba.

Manyan masu tsayawa irin su Fractured Atlas da NYFA, wadda aka kafa a 1971, sun saba da aikin, kuma suna ba ka shafin karɓar gudummawa a intanet. Aibinsu yawan jama'a: kai ɗaya ne cikin ɗaruruwa ko dubbai, wa'adinsu na duba takarda kuma yakan riga na hukumar cika. Masu fim suna da nasu, kamar IDA a Los Angeles da Women Make Movies. La'ada dai yawanci kashi 5 zuwa 10 ne cikin ɗari, wasu kan ƙara a kan kuɗin gwamnati saboda wahalar rahoto.

Ni na fi karkata ga ƙaramar ƙungiyar unguwa da ta san aikinka, domin za ta ɗaga waya in ka kira. Amma fa nemi ganin takardar 990, rahoton kuɗin da take kai wa hukumar haraji duk shekara, kowa na da ikon dubawa. Tambaye su ko kuɗin kowane aiki lissafinsa daban, da kuma kwana nawa ake yi kafin a sakar maka naka. A 2011 wata cibiya a Kalifoniya, International Humanities Center, ta durƙushe da kuɗin ayyuka kusan 200 a hannunta. Da ragin la'ada ba a gane riƙon amana.

Sai yarjejeniya. A tsarin da ake kira Model A, aikin ya zama mallakar ƙungiyar, ita ke biyan albashi da ɗaukar alhaki. A Model C aikin naka ne, harajin kuɗin ma a wuyanka yake. Mai waƙa ko fim da ke son riƙe haƙƙin mallakarsa, na biyun ne nasa.

Kafa taka ƙungiyar? Takardar 1023 ta neman rajistar 501(c)(3) dala 600 ce, gajeruwarta dala 275, ga kwamitin amintattu, ga rahoton shekara-shekara. Don aiki ɗaya ko biyu, bai kai wahalarsa ba.